Tankunan Reno Masu Jakar Roba: Wanne Ya Dace da Samar da Antibodi?

Tambaya: Muna shirin kafa ƙaramin sashe na samar da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki da ake amfani da shi a matsayin magani, daga ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa, kuma mun yanke shawarar barin tankunan ƙarfe, mu yi amfani da tankunan reno masu jakar roba wadda ake aiki da ita sau ɗaya a yar. Mun ga iri uku a kasuwa: mai lilo, mai farfela, da mai girgiza a kewaye. Wanne ya fi, kuma da wane ma'auni za mu kwatanta su?

Amsa: Idan abin da kuke nufi shi ne zubin ƙarshe wanda daga cikinsa za a tace maganin, to tanki mai farfela shi ne zaɓin da zan ba ku, shi kuwa mai lilo ku ajiye shi a matakan farko na yawaita iri, inda ake renon ƙwayoyin har su isa a zuba su a babban tanki, domin a nan ne ya fi kowa amfani. Wannan ita ce amsar a taƙaice, kuma ita ce hanyar da mafi yawan masana'antun antibodi suke bi a yau. Amma tankuna masu farfela ɗin ma ba su zama ɗaya ba, kuma abin da ke raba mai kyau da marar kyau a cikinsu ba kasafai yake fitowa a shafin farko na takardar talla ba. Ma'aunin da ya kamata ku riƙe shi ne yadda tankin yake shigar da iskar oksijin cikin ruwa da yadda yake fitar da iskar kabon dayoksaid daga cikinsa a lokacin da ƙwayoyin suka cika maƙil, sannan sai ingancin robar jakar da kuma amincin wanda zai riƙa sayar muku da ita shekara da shekaru.

Sai an fara duba halin abin da za a rena kafin a fahimci dalili. Mafi yawan antibodin da ake sayarwa a matsayin magani a yau daga ƙwayoyin CHO yake fitowa, wato zuriyar ƙwayoyin da Theodore Puck ya ciro a 1957 daga jakar ƙwan wata dabba dangin ɓera da ake kira hamsta ta ƙasar Sin. Su ne suka samar da maganin narkar da gudan jini na tPA wanda aka amince da shi a 1987, kuma tun daga lokacin hukumomin kula da magunguna suka saba da su. Faɗin ƙwaya ɗaya bai wuce maikuromita 12 zuwa 15 ba, ba ta da ƙaƙƙarfan bango irin na bakteriya ko yis, tana ninka kanta sau ɗaya a kusan kowace rana, kuma tana son zafin digiri 37 da ma'aunin tsami na pH da ke kusa da 7. A tsarin da aka fi amfani da shi, wanda ake ƙara wa ƙwayoyin abinci kaɗan-kaɗan ba tare da an ɗebe ruwan ba, zubi ɗaya yana ɗaukar kwana 12 zuwa 14, yawan ƙwayoyin yana kai wa miliyan 10 zuwa 30 a kowace mililita, kuma a ƙarshe ana samun giram 3 zuwa 8 na antibodi a kowace lita. A shekarun 1980 miligiram kaɗan ake samu a lita, saboda haka dole a lokacin a gina tankuna masu girman gaske. Wannan haɓakar amfanin ita ce ta buɗe wa jakar roba ƙofa, domin ita ta sa lita 2,000 ta zama girman da za a iya kafa kasuwanci a kansa.

Matsalar da ke tattare da wannan cunkoso ita ce numfashi. Oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa: lita ɗaya a zafin digiri 37, ko da ta ƙoshi da iska, miligiram 7 ko ƙasa da haka take riƙewa. Idan ƙwayoyi miliyan 20 suna cikin kowace mililita, kuma aka tsayar da shigar iska, za su shanye wannan ɗan abin cikin 'yan mintuna. Ke nan tankin ba shi da ajiya, abin da ya shigar a wannan daƙiƙa shi ake ci a wannan daƙiƙa. Injiniyoyi suna auna wannan iyawa da lambar da suke kira kLa, wadda take nuna saurin ƙetarewar iska zuwa cikin ruwa, kuma duk bambancin siffar da kuka gani tsakanin tankunan nan uku hanyoyi ne daban-daban na ɗaga wannan lamba ba tare da an halaka ƙwayoyin ba.

Tanki mai lilo shi ne ya fara fitowa. Vijay Singh ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1990 da sunan Wave, kamfanin GE Healthcare ya saye shi a 2007, yanzu kuma yana hannun Cytiva, sannan Sartorius da wasu suna da irinsa. Jaka ce shimfiɗaɗɗiya a kan faranti mai ɗumi, ana cika rabinta da ruwan reno, a hura iska a sauran rabin, farantin kuma ya riƙa karkata gaba da baya da 'yan digiri kaɗan. Igiyar ruwan da ke tasowa ita ce take gauraya abin da ke ciki, ita ce kuma take sabunta fuskar ruwan domin oksijin ya shiga. Babu farfela, babu sanda, babu bututun hura iska a ƙarƙashin ruwa, saboda haka abubuwan da za su iya lalacewa kaɗan ne, kuma sabon ma'aikaci yana iya koyon ɗora jakar cikin ɗan lokaci. Wani alherinsa da ba a cika ambata ba shi ne ana iya farawa da ruwa kaɗan ƙwarai a cikin jakar, a riƙa ƙarawa yayin da ƙwayoyin ke yawaita, ba tare da an sauya mazubi ba, kuma kowane sauyin mazubi da aka kauce wa ƙofar gurɓata ce aka rufe.

Iyakarsa tana cikin lissafin siffa. Duk oksijin ɗinsa ta fuskar ruwa yake shiga, alhali idan mazubi ya girma, yawan ruwan yana ƙaruwa fiye da yadda faɗin fuskar ke ƙaruwa. An yi masu ɗaukar ruwa har lita 500, amma a aikace tsakanin lita 1 zuwa 25, ko 50 idan an matsa, nan ne yake aiki ba tare da wahala ba. Idan aka ƙara saurin lilon domin a samu iska, sai kumfa ta taru ta nufi matacin fitar iska, sannan nauyin ruwan da ke dukan gefen jakar dare da rana yana gajiyar da wuraren da aka liƙe robar. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna: yanayin motsin ruwa a jakar lilo bai yi kama da na tanki mai farfela ba ko kaɗan, saboda haka sakamakon da aka samu a cikinta ba ya faɗa wa mutum abin da zai faru a lita 2,000. Wanda ya gyara tsarin ciyarwarsa a jakar lilo, sannan ya ɗauke shi kai tsaye zuwa babban tanki, zai sake aikin daga farko.

Tanki mai farfela kwaikwayon tankin ƙarfe ne da aka daɗe da sani, sai dai a nan ƙarfen riƙo kawai yake yi, tare da rigar ruwa mai daidaita zafi, jakar kuwa tana zuwa da farfelarta da bututanta da matatanta a haɗe, an riga an kashe duk wata ƙwayar cuta da ke cikinta. HyClone ne ya fito da nasa a 2006, tankin da yanzu yake hannun Thermo Fisher, sai XDR na Xcellerex wanda GE ya saya a 2012, da Biostat STR na Sartorius, da Mobius na Merck, da Allegro wanda Pall ya fito da shi. Dukkansu sun daɗe suna tsayawa a lita 2,000, kafin Thermo Fisher ya kai lita 5,000 da DynaDrive, kamfanin ABEC kuma ya kai lita 6,000. Bambancin farko da ido zai gani shi ne inda farfelar take. XDR da Mobius suna da farfela ɗaya a gindin jakar wadda maganaɗisu ke juyawa daga waje, ba tare da wata sanda ta huda robar ba. Tsohon samfurin Thermo Fisher yana da sanda da ke saukowa daga sama a karkace, nesa da tsakiya, domin karkacewar ta hana ruwan zagayawa wuri guda. Biostat STR yana da farfela biyu a kan sanda ɗaya a tsakiya, kuma tsawonsa ya kusan ninka faɗinsa, wanda ya sa ya fi sauran kama da tankin ƙarfe. Allegro da DynaDrive kuwa masu kusurwa huɗu ne, inda kusurwoyin suke taimakawa wajen karya zagayen ruwa kamar faifan da ake kafewa a bangon tankin ƙarfe, abin da yake da wuyar yi a cikin jaka mai laushi.

Kowace siffa tana da abin da ta saya da abin da ta biya. Farfelar gindi tana sauƙaƙa naɗe jaka da ɗora ta, kuma tana ba da damar fara aiki da ruwa kaɗan tun da farfelar tana nutse tun daga farko, amma a babban tanki saman ruwan yana nesa da ita, gaurayawa a can sama tana yin jinkiri. Wannan yana da muhimmanci saboda daga sama ake yawan ɗiga sinadarin alkali mai gyara pH da kuma abinci mai kauri. Idan gaurayawar lita 2,000 tana ɗaukar minti ɗaya ko fiye, to ƙwayoyin da suka ratsa ta inda ɗigon ke sauka suna shiga ruwa mai pH da ya zarce abin da na'urar awo ke nunawa a gindin tanki, kuma suna maimaita wannan ratsawa sau da yawa a cikin kwana 14. Sakamakon yakan fito a matsayin ƙaruwar laktet, wato sinadari mai tsami da ƙwayoyin ke fitarwa, da mutuwar ƙwayoyi da wuri, mai aiki kuma ya rasa dalili domin allon kwamfuta yana nuna masa komai daidai. Maganinsa sau da yawa mai sauƙi ne, wato a nemi jaka mai bututun da ke kai ɗigon ƙarƙashin ruwa kusa da farfela. Sanda mai farfela biyu tana rage wannan matsala, amma jakarta ta fi girma a kwali, ta fi wuyar ɗorawa, kuma tana bukatar ɗaki mai tsawon rufi, abin da ya kamata ku auna kafin ku sa hannu a takardar saye. Ku tambayi kuma mafi ƙarancin ruwan da tanki zai iya aiki da shi. Tsofaffin samfura sai an cika rabinsu, sababbi kuwa suna aiki da kashi ɗaya cikin biyar ko ƙasa da haka, wanda ke nufin za a iya tsallake tanki guda a jerin yawaita iri.

Masu sayar da tankunan da ba su da farfela sukan jingina tallarsu a kan tsoron cewa farfela tana yayyaga ƙwayoyin dabba. A ganina an zuzuta wannan tsoro fiye da kima. Alvin Nienow na Jami'ar Birmingham da wasu masu bincike sun daɗe da nuna cewa ƙwayoyin CHO da aka saba musu da rayuwa a cikin ruwa suna jure juyi mai ƙarfi fiye da wanda ake ba su a masana'anta, inda ƙarfin juyin yake tsakanin wat 10 zuwa 100 a kowace lita dubu. Ƙwayar ta yi ƙanƙanta, har mafi ƙanƙantar guguwar da farfela ke tayarwa a irin wannan ƙarfi ta fi ta girma, sai ta ɗauke ta gaba ɗaya ta yi yawo da ita. Abin da ke kashe ƙwayoyi da gaske shi ne fashewar kumfar iska a saman ruwa. Ƙwayoyi suna manne wa jikin kumfa yayin da take hawa, idan ta iso sama ta fashe, ƙarfin da ke fita a wannan ɗan wuri ya ninka na bakin farfela nesa ba kusa ba, kuma ƙananan kumfa sun fi manya ɓarna. Dalilin da ya sa ake zuba sinadarin poloxamer 188, kusan giram ɗaya a lita, a cikin ruwan reno ke nan, domin yana hana ƙwayoyin mannewa.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da na fi so ku tsaya a kansa, wato mafesar iska da ke gindin jakar. Iri biyu ne. Akwai mai ƙananan ƙofofi na 'yan maikuromita, wadda take fitar da kumfa ƙanana ƙwarai, akwai kuma mai hudojin da aka huda da faɗin rabin milimita zuwa milimita ɗaya, wadda kumfarta manya ce. Ƙananan kumfa suna da faɗin fuska mai yawa, saboda haka da iska kaɗan suna shigar da oksijin mai yawa, lambar kLa ta yi kyau a takarda. Amma kabon dayoksaid da ƙwayoyin ke fitarwa ba ta wannan hanya yake fita ba. Ƙaramar kumfa tana ƙoshi da shi tun ba ta yi nisa da gindi ba, sauran tafiyarta zuwa sama ba ta ɗaukar komai, saboda haka fitar da shi ya dogara ne ga yawan iskar da ta ratsa ruwan gaba ɗaya. Tankin da ya ƙware wajen shigar da oksijin da iska kaɗan, shi ne kuma zai bar kabon dayoksaid ya taru. A ƙaramin tanki na ɗakin gwaji ba a ganin wannan, domin fuskar ruwa tana fitar da kaso mai yawa, sai an je lita 1,000 ko 2,000 sannan matsalar ta bayyana.

Idan kuwa ya taru, abubuwa suna bin juna. Ruwan yana yin tsami, na'ura ta ƙara alkali domin ta mayar da pH, gishirin ruwan ya ƙaru, ƙwayoyin su matsu, su daina cinye laktet ɗin da suka saba cinyewa a rabin zubi na biyu, sai a ƙara bukatar alkali. Da zarar matsin kabon dayoksaid ya haura milimita 120 zuwa 150 na ma'aunin makuri, girma da amfani sukan fara raguwa, kuma sarƙoƙin sukarin da ke manne da antibodin suna iya sauyawa. Wannan na ƙarshe shi ya fi haɗari, domin waɗannan sarƙoƙi suna shafar yadda maganin ke aiki a jiki, kuma hukuma za ta nemi ku nuna cewa maganin babban tanki ɗaya ne da wanda aka gwada a ƙarami. Saboda haka ni zan zaɓi jaka mai mafesa biyu masu layin iska daban-daban, ɗaya ta oksijin, ɗaya ta wanke kabon dayoksaid, ko kuma mai hudoji kaɗai idan farfelar tana da ƙarfin farfasa kumfar, a riƙa hura oksijin tsantsa idan bukata ta tashi. Ƙananan kumfa suna kuma tara kumfa mai kauri a saman ruwa wadda ba ta saurin kwanciya, sai an zuba maganin kumfa, shi kuma yana rage shigar oksijin, yana kuma toshe matatai a matakin tacewa.

Tanki mai girgiza a kewaye ya kauce wa wannan rikici ta wata hanya. Babban mazubi ne mai zagaye wanda ake juya shi a da'ira yadda ake juya kwalbar gwaji, ruwan ya hau bango ya zama siririn shimfiɗa mai shan iska daga sama, babu farfela, babu kumfa daga ƙasa. Rukunin Florian Wurm a Lozan ta ƙasar Suwizalan ne ya yi aiki mai yawa a kansa, kamfanin Kühner kuma yana ƙera shi daga lita 10 har zuwa 2,500. Jakarsa ba ta da kayan ciki, saboda haka ta fi sauƙi, kuma hanyar ɗaga girma daga ƙaramin bututun gwaji zuwa babban mazubi a miƙe take tun da salon motsin ɗaya ne. Ina ganin ƙimarsa, musamman ga ƙwayoyi masu rauni ko furotin da kumfa ke lalatawa. Abin da ya hana ni ba ku shawararsa shi ne masu amfani da shi ba su da yawa, kuma girgiza tan biyu na ruwa yana bukatar daɓe mai ƙarfi. Ranar da kuka bukaci miƙa aikinku ga wata masana'anta ta yi muku a kan kwangila, tanki mai farfela za ku tarar a can.

Sauran nau'o'in ba sai an daɗe a kansu ba. Masu shimfiɗar zare da ƙwayoyi ke mannewa a kai, irin iCELLis, an yi su ne domin ƙwayoyin da ba sa rayuwa sai sun kama wani abu, kuma sun fi amfani wajen samar da rigakafi da bairos ɗin da ake amfani da su wajen gyaran ƙwayoyin halittar gado. Masu siraran bututai kuwa suna da kyau idan ana son 'yan miligiram ko giram kaɗan na antibodi domin bincike, amma ba a iya ɗibar samfurin ƙwayoyin cikinsu yadda ya kamata, kuma ba a iya ɗaga girmansu zuwa na masana'anta.

Sai batun robar kanta, wadda mutane sukan ɗauka mazubi ce kawai alhali tana cikin abin da ƙwayoyin ke sha. Jakar tana da shimfiɗu da dama: ta ciki mai taɓa ruwa yawanci foliyetilin ce, a tsakiya akwai wadda ke hana iska ratsawa, ta waje kuma ta ƙarfi ce. Ana kashe ƙwayoyin cutar cikinta da hasken gama, wato haske mai ratsa abu kamar na X-ray, mai ƙarfin kilogire 25 zuwa 40, kuma wannan haske yana farfasa wasu sinadaran da aka zuba wa robar. A 2013 masu bincike na kamfanin Amgen suka bayyana cewa wani sinadari mai suna bDtBPP, wanda ke fitowa idan hasken ya bugi sinadarin kare roba na Irgafos 168, yana tsatsowa cikin ruwan reno ya hana ƙwayoyin CHO girma ko da yawansa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na miligiram a lita ba. Masu ƙera jaka sun gyara haɗinsu bayan haka, amma darasin yana nan. Ba kowace zuriyar CHO ce take jin abu iri ɗaya ba, kuma haɗarin ya fi yawa a ƙananan jakunkuna, inda robar take da yawa idan aka kwatanta da ruwan, a daidai lokacin da ƙwayoyin suke 'yan kaɗan. Gwajin ba shi da tsada: a zuba ruwan renonku a jakar, a bar shi kwana uku zuwa bakwai a zafin digiri 37, sannan a rena ƙwayoyinku a cikinsa a gefen wanda aka ajiye a kwalbar gilashi, a kwatanta girmansu. Roba tana kuma shanye wasu abubuwa masu maiƙo daga ruwan, kamar kolestarol, wanda ƙwayoyin NS0, wata zuriyar ƙwayoyin ɓera da ake samar da antibodi da ita, ba sa rayuwa sai da shi.

Ƙarfin jakar ma yana da iyaka da ya kamata kowane ma'aikaci ya sani. Matsin da take ɗauka bai wuce kusan miliba 30 ba, abin da tankin ƙarfe ba zai ma ji ba. Iskar da ke fita daga tankin tana da ɗumi da laima, idan ta isa matacin fita ta huce, ruwa ya jiƙa shi, sai ya toshe, matsi ya hau cikin mintuna, kuma idan na'urar tsaro ba ta tsayar da iskar shiga ba, jakar ta tsage da kayan kwana goma a cikinta. Saboda haka ku duba ko matacin yana da rigar ɗumama, ko akwai na biyu a shirye da za a buɗe, ko akwai na'urar sanyaya tururi kafin mataci idan za ku hura iska mai yawa. Yawancin yoyon da ake samu kuwa daga hannun mutane yake, a wajen yanke kwali da wuƙa, ko jan jakar a kan gefen ƙarfe, ko barin wani lanƙwasa a gindi wanda nauyin tan biyu zai danne. Jakar lita 2,000 sai an ɗaga ta da ƙugiya, a hura mata iska a hankali, mutum biyu suna miƙar da ita tana cika. Tsarin da ya rage yawan taɓawar hannu a wannan mataki ya fi wanda ya ɗara shi lambar kLa da kaɗan.

Game da girma, ku yi lissafin da kanku. Lita 2,000 mai ba da giram 5 a lita kilo 10 ke nan, idan tacewa ta bar kashi 70 cikin ɗari sai a samu kilo 7, zubi 20 a shekara kuma kilo 140 daga tanki ɗaya. Magunguna da yawa ba sa bukatar fiye da haka, wanda ya sa Amgen ya buɗe masana'anta a Singafo a 2014 a kan irin waɗannan tankuna, kamfanoni irin WuXi Biologics kuma suke jera tankunan roba da yawa a gefen juna maimakon gina ƙato guda. Amma maganin da ake bukatarsa tan-tan a shekara har yanzu tankin ƙarfe na lita 15,000 ya fi masa araha, irin waɗanda Samsung Biologics yake da su a Koriya ta Kudu. Ribar roba tana cikin saurin gini, da rashin wanki da tururi tsakanin zubi da zubi, da sauƙin sauya magani ba tare da fargabar ragowar na baya ba. Kuɗin da aka rage a gini kuma ana biyansa a hankali a kan kowace jaka. Idan kuna tunanin renon kwarara, inda ake zuba sabon ruwa ana ɗebe tsoho ta mataci irin ATF na Repligen yayin da ƙwayoyin ke zaune a ciki, to ku sani yawansu yana iya kai wa miliyan 50 zuwa 100 a mililita, bukatar oksijin ta ninka sau uku ko fiye, zafin da suke fitarwa ya ƙaru alhali roba ba ta saurin miƙa zafi ga rigar ruwa, kuma ƙofar da matacin zai haɗu da jakar dole ta kasance mai faɗi. Ba kowane samfuri ne aka ƙera domin wannan ba.

Jakar kamfani ɗaya ba ta shiga mariƙin wani kamfani, saboda haka ranar da kuka sayi ƙarfen kun ɗaura aure da mai jakar, rabuwa kuma tana nufin sabon ƙarfe, sabon gwajin roba da sabon bayani ga hukuma. A 2020 da 2021, lokacin da masu yin rigakafin korona suka mamaye kasuwa, masana'antu da dama sun jira jakunkuna da matatai watanni masu yawa, ƙananan masu saye kuma su ne a ƙarshen layi. Ku tambayi a masana'antu nawa ake haɗa jakar, ku sa a rubuta cewa za a sanar da ku kafin a sauya haɗin robar, kuma ku guji neman jaka ta musamman mai ƙofofi yadda kuke so idan ta gama-gari za ta wadatar, domin ta musamman ita ce ta fi daɗewa kafin ta iso.

Kafin ku yanke hukunci tsakanin kamfanoni biyu ko uku da suka rage, ku nemi a ba ku aron ƙaramin tankin kowanne, na lita 50 misali, ku yi zubi cikakke da ƙwayoyinku da ruwan renonku. Lambar kLa da ke takardar talla yawanci a ruwan gishiri aka auna ta, ba tare da poloxamer ko maganin kumfa ba, kuma waɗannan biyun suna sauya ta sosai. Ku riƙa auna kabon dayoksaid da laktet da gishirin ruwa kowace rana, ku rubuta yawan alkalin da na'ura ta zuba, ku kwatanta ma'aunin pH na cikin jakar da na waje domin ku ga ko yana zamewa bayan mako guda, sannan ku duba sarƙoƙin sukarin antibodin da ya fito. Ku nemi kuma bayanan da ke nuna cewa siffar ƙaramin tankin, da irin farfelarsa da hudojin mafesarsa, daidai suke da na lita 2,000 a jerin kamfanin, kuma ku tabbatar akwai ƙaramin samfuri na ɗakin gwaji, na lita 2 zuwa 5 ko irin Ambr 250, ɗan tanki mai ɗaukar mililita 250, wanda za ku iya daidaita shi ya riƙa ba da sakamako irin na babban, domin a cikinsa ne za ku binciki duk matsalar da ta taso daga baya.